Wa ke da ikon faɗin sirrin ɗalibi? Lacca kan wani nau'in fim na Amurka

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama.

An nemi in yi magana kan wani nau'in fim da yawancinku kun ci karo da shi a waya: saurayi ya shiga jami'a a Amurka, zuciyarsa na karkata ga maza 'yan'uwansa, yana ɓoyewa, har ranar da ya buɗe baki ya faɗa, ko wani ya riga shi. Ban zo ba da fatawa ba. Hukuncin luwaɗi a addininmu sananne ne, kuma fagen yana da malamansa. Ni fim nake koyarwa, aikina in nuna muku yadda aka ɗinka labarin, abin da aka haska da abin da aka bari a duhu.

Kada ku zaci Amurkawa da wannan labarin aka haife su. Daga 1934 masana'antar Hollywood ta ɗaure kanta da ƙa'idojin tace fina-finai da ake kira da sunan Will Hays, waɗanda suka hana nuna irin wannan alaƙa, sai dai a yi habaici da ishara. A 1968 aka jingine su, aka koma rarraba fim bisa shekarun mai kallo. A watan Yuni na 1969 aka yi tarzomar Stonewall a birnin New York, inda masu neman jinsi suka yi arangama da 'yan sanda, a 1973 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan tabin hankali. Kotun ƙolinsu ba ta soke dokokin jihohi masu hukunta shi ba sai 2003, auren jinsi ya halatta a faɗin ƙasar a 2015. Kowane fim yana ɗauke da yanayin shekarar da aka yi shi.

Me ya sa masu tsara labari ke son jami'a? Saboda a can ne yaro ke fara barin gaban iyayensa. A ba shi ɗaki da baƙon da bai taɓa gani ba, gado kusa da gado. Ya samu 'yanci, amma bai samu wurin ɓuya ba. Hutun Nuwamba ya zo, ya koma gida, a zauna cin abinci, uwa ta tambaye shi ko ya yi budurwa. Kusan duk fim ɗin yana tafiya ne zuwa ga wannan zaman.

Ra'ayoyi kansu a rabe suke, har a can. Masu riƙo da addini, musamman a wasu coci-coci, suna cewa ana ƙawata zunubi ana miƙa wa matasa. Wasu kuma sun ce fim irin wannan ne ya fara nuna musu ba su kaɗai ba ne a duniya. Akwai ɓangare na uku da ba mu cika ji ba: masu neman jinsin da kansu suke sukar fim ɗin. Lokacin da kamfanin 20th Century Fox ya fitar da Love, Simon a 2018, wanda jaruminsa ɗan sakandare ne amma ƙirar labarin ɗaya ce, da yawa sun ce an wanke rayuwa fes: yaro farar fata, gidan rufin asiri, iyaye masu saurin rungumewa. Ina wanda aka kora daga gida da jaka ɗaya? Wannan suka tana da nauyi a wurina.

To, ga inda nake so mu daɗe. In kun lura, mugun da ke cikin waɗannan fina-finan ba kasafai yake zama uba mai faɗa ba. Galibi abokin karatu ne da ya leƙa wayar wani ko kwamfutarsa, ya ga abin da ba a nuna masa ba, ya mayar da shi makami. A fim ɗin da na ambata, wani yaro ne ya ga saƙonnin jarumin, ya riƙa juya shi da barazana, daga bisani ya watsa wa makaranta. Ba ƙirƙira ce kawai ta marubuta ba. A watan Satumba na 2010, a jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey, wani sabon ɗalibi ɗan shekara 18, Tyler Clementi, abokin ɗakinsa ya kunna kyamarar kwamfuta ya leƙe shi tare da wani namiji, ya kuma yaɗa maganar a Twitter. Bayan 'yan kwanaki yaron ya kashe kansa. Gwanin goga molon Turawa ne, ko wata guda bai cika a jami'ar ba.

Ƙannena, wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye. Duk matsayinka kan aikin, babu malamin da ya koya maka leƙen asirin mutane. Suratul Hujurati ta hana bin diddigi da cin naman ɗan'uwa, hadisi kuma ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa wa Musulmi asiri. Iyayenmu na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A Najeriya, ƙasar da dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma taron jama'a ke iya yanke hukunci kafin alƙali ya zauna, wanda ya ɗauki hoton hirar wani ya tura rukunin WhatsApp na aji ya san abin da ya kunna. Sau da yawa ma zargi ne kawai, saboda tafiyar yaro ko muryarsa. Wanda ya yi haka ba wa'azi ya yi ba.

Amma ina da ƙorafi babba kan fina-finan, kuma ban cika jin masu sharhi na tayar da shi ba. Sau da yawa akwai wata yarinya a labarin. Jarumin ya riƙe ta a matsayin budurwa don abokansa su daina zargi. Ta ba shi zuciyarta, ta kai shi gidansu, tana ta tuhumar kanta me ya sa yake janyewa, ko ita ce ba ta kai ba. Ranar da gaskiya ta fito, a ba ta minti biyu ta yi kuka, ta yafe, kyamara ta bi jarumin zuwa farin cikinsa, ita kuwa ba a sake waiwayarta. Wannan rashin adalci ne a rubutu. Tsoron da ya sa shi ƙarya na gaske ne, na yarda, amma ita ma an cuce ta, shekarunta ne aka ci.

Abin yana ci mini rai ne saboda na san yadda muke magance irin wannan a gidajenmu: a yi masa aure zai daina. A nemo 'yar mutane, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, a kai ta ɗaki a matsayin magani. Babu wanda ya tambaye ta ko ta yarda. In auren ya mutu, ita za a ce ba ta iya riƙon miji ba.

Ku masu shirin rubuta labari, aikin da zan ba ku ke nan kafin zama na gaba: ku ɗauki irin wannan fim, ku sake rubuta zaman cin abincin nan daga idon yarinyar, shafi biyu kacal. Yanzu sai a miƙa makirufo ga masu tambaya, a fara daga ɓangaren mata.