Sabon wayarin a tsohuwar motar daji: abin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku matso ku leƙa ƙarƙashin dashbod ɗin nan. Wannan Toyota Land Cruiser ce samfurin FJ40, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1960 har zuwa 1984. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma ku dubi wayoyin. Wannan jar ta taso daga makulli, ba ta yi nisa ba ta rikiɗe ta koma shuɗiya, don wani ya taɓa ɗaura mata guntu ya naɗe da salatif. Ga wata an datse an bar ta tana lilo, ba wanda ya san inda ta nufa. Bari in lanƙwasa wannan. Kun ji? Robar ta bushe ƙamas tana karyewa, tagullar ciki kuma ta yi kore. Shekara 40 zuwa 50 kowane mai motar yana zuwa ya ƙara nasa ya wuce.

In abu ya kai nan, faci ba ya yi. Yau ka gyara tarafiketa, gobe hon ya ɗauke, jibi ka ji ƙauri yana tashi kana tsakiyar daji. Shi ya sa ake kwashe komai a saka sabon damin wayoyi, wanda masu wayarin ke kira hanes. Ga shi nan: akwatin fiyus guda ɗaya, wayoyi sun fito daga cikinsa an riga an haɗa su, kowace da launinta, kuma an buga sunan aikinta a jikinta daga farko har ƙarshe. Kamfanoni irin su Painless Performance da American Autowire a Amurka suna yin su. Robar wayar, irin wadda ake kira GXL, tana jure zafi har digiri 125 a ma'aunin Celsius, alhali tsohuwar roba da ta wuce 80 sai ta fara laushi. Fiyus ɗin ma irin na zamani ne masu ƙafa biyu, ba na gilashi ba. Land Rover Series III fiyus 4 kacal ta zo da su daga kamfani. Wannan damin da ke gabanmu layi 12 gare shi, akwai kuma masu 21.

To ga inda mutane ke ruɗuwa. Damin iri biyu ne. Akwai wanda aka yi don motarka takamaimai, tsawon wayoyi da soket duk sun dace. Akwai kuma na gama-gari, wanda ya fi yawa a kasuwa, aka rubuta masa cewa yana shiga kowace mota. Yana shiga ɗin, amma bai san motarka ba. Yawancinsu a kan tsarin motocin General Motors aka zana su, launin wayoyi da soket ɗin sitiyari duk nasu ne. A tsofaffin motocin Amurka, irin su Jeep CJ-5, kwan fitila guda ne ke yin birki yana kuma yin tarafiketa a baya, wutar birki sai ta ratsa ta cikin makunnin tarafiketa kafin ta isa. A motoci da yawa na Japan da Ingila kuwa kowanne da kwansa da wayarsa. In ka haɗa yadda takarda ta ce ba tare da ka duba wane tsari motarka take bi ba, sai ka taka birki ka ga tarafiketa ta kama. Ba damin ne ya lalace ba, kai ne ba ka fassara masa yaren motar ba.

Saboda haka kafin almakashi ya taɓa komai, a cire kan batir mai alamar ragewa, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa, a manna wa kowace tsohuwar waya takarda da sunanta. Tsohon damin kuma kada a yar. Soket ɗin waifa da na makunnin fitila da na bayan mita ba lallai a same su sababbi ba, sai dai a yanko su da ɗan jela a haɗa da sabuwar waya. A kuma tabbatar da wutar motar. Wasu Land Cruiser masu dizal da Land Rover na soja volt 24 suke, rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babba) da filasha (abin da ke sa tarafiketa ƙyaftawa) na volt 12 ba za su rayu a jikinsu ba. Land Rover da aka yi kafin wajajen 1967 kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin abin da sabon dami yake tsammani.

Akwatin fiyus shi ake fara kafawa, a ciki, a sama gwargwadon hali, domin wannan mota ce mai shiga ruwa da laka. Daga nan a raba wayoyin gida uku: na inji, na dashbod, na baya. A shimfiɗa kowace har inda za ta, a ɗaure sako-sako, kada a yanke ko ɗaya tukuna. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don bakin ƙarfe wuƙa ne mai haƙuri, a hankali yake ci. A nisanta daga salansa, daga sandar sitiyari, daga fedojin ƙafa. Tsakanin inji da bodi kuma, da tsakanin bodi da shasi, a bar ɗan rara. Motar kwalta ba ta murɗewa sosai, amma wannan in taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami, komai na jikinta motsi yake, wayar da aka ja tam ita ce ke fara tsinkewa.

Yanzu mu zo kan at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. A nan zan daɗe, domin a ganina yawancin ciwon kan da ke biyo bayan sabon wayarin daga nan yake. Damin gama-gari yana kai wuta ne kawai. Dawowarta ya bar wa ƙarfen motar, ƙarfen nan kuma ya sha tsatsa, ko kuwa an yi masa sabon fenti mai kauri, wanda shi ma ba ya barin wuta ta wuce. Ku dubi fitilar bayan nan. Da noti biyu take riƙe da bodi, ta nan take samun at. In na kunna tarafiketa, kun ga ƙaramar fitila ita ma tana ƙyaftawa dishi-dishi? Wuta ce ta rasa hanyarta, ta bi ta cikin wani kwan tana neman mafita. Maganin shi ne kebul mai kauri daga batir zuwa inji, wani daga inji zuwa shasi, wani daga shasi zuwa bodi. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a kai don kada tsatsa ta dawo. Fitilun baya kuwa ni nakan ja musu wayar at tasu daban. Wanda ya sauya bodi ya sa na faiba, wanda wuta ba ta bi ta jikinsa, shi ba shi da zaɓi ma, dole kowane abu ya samu wayarsa ta komawa.

Sai wannan agogon da ke dashbod mai nuna caji, amita. A tsohon tsari, wutar da altaneta, wato injin cajin batir, ke aika wa batir ta bayan wannan agogo take bi. Lokacin da altaneta ke ba da amfiya 40 ko ƙasa da haka, ana lallaɓawa. Yau mutum ya sa mai amfiya 100, ya bar wannan tsohon agogo da ƙusoshinsa masu tsatsa a kan hanya, dab da gwiwarsa. Wuri ne da gobara ke yawan tashi. A cire shi daga layin, a sa mita mai auna volt, a ja waya mai kauri kai tsaye daga altaneta zuwa batir tare da babban fiyus kusa da batir ɗin.

Shi fiyus, waya yake karewa. Ana zaɓen girmansa ne daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka, don ya ƙone kafin ita ta yi zafi. Lissafin ba wuya: fitilun ƙari guda biyu, kowace wat 55, sun zama 110, a raba da volt 12 na motar, kusan amfiya 9 ke nan. Fiyus mai 15 da waya mai kaurin da ya dace sun wadatar, a kuma bi ta rile don kada ƙaramin makunni ya ɗauki nauyin. Winci kuwa, injin jan mota in ta maƙale, ba ruwansa da wannan akwatin sam. Ɗaruruwan amfiya yake ja, kebul ɗinsa daga batir yake tasowa.

Wajen haɗa kawuna, masu dalma da masu matsewa sun daɗe suna musu. Ni ina bayan matsewa da filaya ta musamman, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Dalma kan bi cikin silin waya ta sandarar da ita, girgiza kuma daidai inda taurin ya ƙare take karya ta. Ka matse, ka ja da ƙarfi. In ta zare a hannunka, gara nan da a hanya.

An gama haɗawa, amma kada a mayar da kan batir kai tsaye. A sa fiyus mai amfiya 10 tsakanin kan batir da kebul ɗinsa, in akwai wayar da ta taɓa ƙarfe shi zai tafi, ba sabon damin ba. Kada dai a yi kik a haka. A cire duk fiyus na akwatin, a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa: ƙananan fitilu, manya, birki, tarafiketa dama da hagu, hon, waifa. In duk sun amsa, a cire wannan fiyus na gwaji, a ɗaura batir sosai a tayar da inji. Mita ta nuna wajen volt 12.6 kafin tashi, in ya tashi kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Tamu ga ta nan, 14.1. Sai yanzu ne za a tsuke ɗaurin, a sa wayoyin cikin rigarsu, a zana abin da aka sauya a takarda a ajiye a aljihun dashbod.