Fistan shida, silinda shida, babu takarda: na wace Porsche 911 ne?

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi kwalin nan da ke kan benci. Fistan shida ne da silinda shida, baƙin mai ya lulluɓe su. Tare aka sayo su da injin tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya kanta da iska, kuma iyakar abin da mai sayarwa ya ce shi ne, "Nata ne." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Sai dai injin da ya kai shekara hamsin, Allah kaɗai ya san hannun makanikai nawa ya ratsa.

Wanda ya taɓa kwance injin babur ba zai ga baƙon abu ba. Kowace silinda zaman kanta take yi, da haƙarƙarin sanyayawa a jikinta. Shi ya sa musanya su ke da sauƙi, shi ya sa kuma ake yawan haɗa waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba.

Mu fara da wanki da kananzir, don datti yana ɓoye rubutu, yana kuma ɓata awo. Sannan a auna faɗin ramin silinda. Idan milimita 80 ne, injin lita 2.0 ne na farkon 911, daga 1964 zuwa 1969. Idan 90 ne, na lita 2.7 ne. Waɗannan ba su da wahala.

Namu ya nuna 84, kuma a nan ake zamewa. Injuna biyu ne ke da wannan faɗin: lita 2.2 na 1970 da 1971, da lita 2.4 na 1972 da 1973. Abin da ya raba su tsawon tafiyar fistan ne, ɗaya milimita 66, ɗaya 70.4, kuma wannan aikin karanshaf ne, ba za ka gan shi a ramin silinda ba. Kowanne kuma yana da aji uku, T da E da S. Ka ga fistan aƙalla iri shida ke nan, duk faɗinsu ɗaya.

To me zai bambanta su? Ku matso ku ga kan wannan fistan. Kun ga tudun nan? Iya tsayinsa, iya matsin da yake yi wa mai da iska. A injin 2.2, matsin T 8.6 ne, na E 9.1, na S 9.8. Da aka zo 2.4 sai kamfanin ya sassauta don motar ta iya shan fetur mai rauni, musamman a kasuwar Amurka: T ya koma 7.5, E 8.0, S 8.5. Fistan 2.2 yana shiga injin 2.4 lafiya lau, har wasu da gangan suke sa shi don ƙarin ƙarfi. In ka sani, ka shirya masa fetur da saitin wuta, babu laifi. In ba ka sani ba, za ka ji inji yana ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, zafi ya hau, ƙarshenta fistan ya ƙone. Ido kaɗai ba ya raba E da S a kowane lokaci, don haka ni auna girman tudun nake yi da ruwa da sirinji, in yi lissafi.

Waɗannan ramuka biyu da ke gefen tudun wurin bawul ne. Babban na bawul ɗin shigar mai ne, shi ke kallon sama idan an ɗaura. Idan kuma ka ga tudu a karkace, ya taru gefe guda, babu ramuka masu zurfi, to na injin da ke shan mai ta tsarin K-Jetronic ne, wanda ya shigo daga 1973. Kada ka haɗa irinsa da kamshaf mai buɗe bawul sosai, don za su yi karo.

Mai milimita 95 ma yana da nasa tarkon. 911 SC mai lita 3.0 da 911 Carrera mai 3.2 faɗinsu ɗaya. A auna faɗin fin ɗin da ke riƙe fistan da konrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf: 22 na SC ne, 23 na Carrera.

Yanzu ga mayen ƙarfe. Sa shi a cikin ramin. Idan ya manne gam, kuma jikin silindar duka baƙin ƙarfe ne mai nauyi, irin na T ne. Idan ciki ƙarfe ne amma haƙarƙarin alminiyom, sunansa Biral. A manyan silinda, daga 90 zuwa sama, idan ya ɗan ja kaɗan-kaɗan, Nikasil ne, shafen nikel da kamfanin Mahle ya ƙirƙiro. Idan bai ja ba sam, Alusil ne na Kolbenschmidt, za ka ga tambarin KS. Wannan gwajin nake roƙon kada kowa ya tsallake. Ramin Alusil alminiyom ne tsirara mai sinadarin silikon, shi ya sa ake shafe jikin fistansa da ƙarfe. Ka sa masa fistan Nikasil, alminiyom ya goga alminiyom, sai su kankare juna. Zobbansu ma ba ɗaya ba ne. Na taɓa ganin saiti mai kyau ya lalace ta haka, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don irin waɗannan kayan ƙarewa suke yi.

Juya silindar ka duba gindinta. Akwai ɗan alwatika da lamba a ciki, 5 ko 6. Ajin tsayi ke nan, kuma silinda ukun da ke ɓangare ɗaya na injin dole lambarsu ta zama ɗaya, in ba haka ba kawunan silinda ba za su zauna daidai ba, kamshaf ya ɗaure. Amma lamba shaidar ranar da aka ƙera ce. Wani zai iya yanke silindar a bayan nan, saboda haka a sake aunawa.

Namu dai Biral ne, tambarin Mahle, tudu mai tsayi, duka shidan lamba 6. Saura mu ɗaura ɗaya na gwaji, mu ɗora ɗan guntun wayar darma a gefen fistan, mu juya karanshaf da hannu, mu ciro wayar mu auna yadda ta matse, don sanin tazarar da ke tsakanin fistan da kan silinda. Kusan milimita 1 muke nema. Miƙo mini sifana.