Barkwanci ne ko na kuka? Yadda laƙabin fim ke shirya zuciyar mai kallo

An gabatar da wannan lacca a Maraɗi gaban matasa masu rubuta labari da ɗaukar fim, da masu shagunan tura finafinai a waya. Daga faifan murya aka rubuto ta, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu mata da ke can baya, ƙannena masu kyamara da masu alƙalami, barkanku da yamma.

Mu fara daga shagon mai tura fim, don a nan ake yanke wa finafinanmu hukunci tun ba a kalle su ba. Ku tsaya minti goma a irin shagon nan cikin kasuwa ku kasa kunne. Yarinya za ta miƙo salula ta ce, "Sa mini na soyayya, amma banda mai sa kuka." Ɗan kabu-kabu ya ce, "Ba ni abin dariya, yau na gaji." Mai shago ya buɗe kwamfuta, ga finafinai kowane da foldarsa: Indiya-Hausa, barkwanci, soyayya, faɗa, masu dogon zango. Da wuya ka ji an tambayi sunan darakta. Nau'i ake saye, kuma foldar da aka jefa fim ɗinka ciki ita ke faɗa wa mai kallo da wace zuciya zai zauna.

Laƙabin nan alkawari ne. In ka ce fim ɗinka barkwancin soyayya ne, ka yi wa mutum alkawarin cewa masoyan za su haɗu a ƙarshe, wahalar da za su sha ba mai kisa ba ce, kuma ka ba shi izini ya yi dariya in sun ji kunya. In ka ce labarin rayuwa ne mai nauyi, ka janye wannan izini, ka kuma gaya masa ya shirya, ƙila a rasa wani. Wanda ya zauna da alkawarin farko aka ba shi na biyu, ba zai ce "an canza nau'i" ba. Cewa zai yi fim ɗin ba ya da kyau, ko da kuwa aikin ya fi na kowa tsabta.

Rabon nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwa ta buɗe, ƴan sana'a da kansu suka raba aikin gida biyu: camama, wato na barkwanci mai ƙaramin jari, da santimental, na soyayya da rikicin gida da waƙoƙi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, sunansa kaɗai ya zama laƙabi. Da an ga "Ibro" a farkon sunan fim, an san me aka saya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya, fim ɗin da soyayyarsa ta gaske ce kuma dariyarsa daga cikin soyayyar take fitowa. A nan matasanmu ke son shiga yanzu, a nan kuma suke yawan tuntuɓe.

Ga fitowa guda, ku riƙe ta. Saurayi ya zo zance bayan magariba a kan babur na aro, ya ce wa yarinya nasa ne. Suna tsaye a ƙofar gida, mahaifinta ya dawo daga masallaci, saurayi ya durƙusa yana gaisuwa. Daidai lokacin mai babur ya iso yana cewa a ba shi makullinsa, zai kai matarsa asibiti.

In barkwanci kake so, ja kyamara baya. Mutum huɗun nan su fito cikin hoto ɗaya, a ga saurayi a durƙushe yana laluben makulli a aljihu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana gaisuwa. Haske ya wadata. Edita ya yanke da sauri: fuskar uba daƙiƙa ɗaya, yarinya ta rufe baki da mayafi daƙiƙa ɗaya, a koma kan saurayi. Kada ka sa kiɗa sai an gama maganar, ka bar ɗan shiru da dariyar mai kallo za ta zauna a ciki. Kuma cire asibitin nan daga bakin mai babur, ya ce cefane zai je, domin da zarar an ambaci mara lafiya rabin dariyar ta mutu.

In kuwa nauyi kake so, matso da kyamara har fuskar saurayi ta cika hoto, ka riƙe ta daƙiƙa shida ko takwas ba yankewa. Muryar mai babur a ji ta daga gefe, kada a nuna shi. Uba kada ya ce komai, ya shige gida ya turo ƙofa. Hoto na ƙarshe idon yarinya ne a kan makullin da ke canza hannu. Magana kusan ɗaya ce, ƴan wasa ɗaya, ƙofar gida ɗaya. Na farko ya ce wa mai kallo yaron nan maƙaryaci ne mai ban tausayi, zai gyaru. Na biyu ya ce talauci ya tona masa asiri gaban surukinsa, kuma ƙofar nan ba lalle ta sake buɗewa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki rabin wannan da rabin wancan. A matso da kyamara kan fuskar da ke cike da hawaye, sannan edita ya ɗora ƙarar nan ta ban dariya da ake saukewa a intanet. Mai kallo ya rasa inda zai sa kansa, sai ya danna gaba.

Abu na biyu, shingen da ke tsakanin masoya. A barkwanci, dole shingen ya zama abin da su biyun za su iya rushewa da kansu: ƙaryar arziki, girman kai, saƙon da ya faɗa wayar da ba ita ba, kunyar furta magana. A labari mai nauyi shingen ya fi ƙarfinsu: auren dole, gado, rashin haihuwa, bambancin dangi, ciwo. Oumarou Ganda, ɗan ƙasar nan, ya ci babbar kyautar FESPACO, wato bikin baje kolin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, kuma bai mai da abin wasa ba, ƙarshensa ma ba daɗi. Ina roƙonku da babbar murya, kada ku ɗauki auren dole ku yi shingen barkwanci da shi. A jihar nan akwai matan da ke kallon fim ɗinku waɗanda aka yi wa hakan suna ƙanana. Ba za su yi dariya ba, kuma gaskiyarsu ne.

Sai lissafin lokaci. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na minti 90 shafi 90 ne ko kusa. A barkwancin soyayya, masoyan su haɗu kafin minti na 10, kuma a yi dariyar farko kafin minti na 3, don wannan dariyar ce sa hannu a kan alkawarin. Wajen minti na 25 ƙaryar ko rashin fahimtar ta kafu. Tsakanin 65 da 70 asiri ya tonu, su rabu. Baƙin cikin rabuwar kada ya wuce minti goma, in ya kai ashirin ka koma wani nau'in ba ka sani ba. Sauran lokacin na gyara ne, kuma wanda ya yi laifin shi zai tako da ƙafarsa ya gyara. In kawu ne ya zo daga Zinder ya sasanta su cikin minti biyu, an cuci mai kallo, domin ya jira ya ga jarumin ya canza ne. Ku kuma tuna da waƙa. Tunda a finafinanmu namiji da mace ba sa taɓa juna, kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan hakan, waƙa ce ke ɗaukar abin da jiki bai faɗa ba. Waƙa uku masu minti biyar-biyar sun cinye rubu'in awa. Ku sa su cikin lissafi tun a takarda, kuma sautin waƙar farko ya dace da nau'in, don mutane da yawa ita suke fara ji kafin fim ya fito.

Laƙabin ba a baki kaɗai yake ba. Yana jikin suna, da fosta, da tirela, da fuskar ɗan wasa, da ƙaramin hoton da ake sawa a YouTube. Fuskar ɗan wasa ta fi sauran ƙarfi. In ka ɗauko wanda jama'a suka saba dariya da shi ka ba shi uban da ɗiyarsa ta rasu, yana bayyana za a fashe da dariya kafin ya buɗe baki. Ana iya yi, amma sai ka ba shi fitowa biyu ko uku a farko cikin natsuwa, ba hular wasa, ba karkace baki, har ido ya saba. Tirela kuma, minti biyu ta isa, kuma rabon da ke cikinta ya bi rabon fim. In dariya kashi ɗaya ce cikin biyar na fim, kada ka kwashe ta duka ka zuba a tirela. Za ka samu masu kallo a ranar farko, a rana ta biyu su ne za su hana wasu.

Har manyan masana'antu abin yana ba su wuya. A Amurka, kyautar Golden Globe tana raba finafinai gida biyu, masu nauyi a gefe, barkwanci da na waƙa a gefe. A Janairun 2016 The Martian, labarin ɗan sama-jannatin da aka bari shi kaɗai a duniyar Mars, ya ci kyautar a ɓangaren barkwanci, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 2011 kuma wata mata a jihar Michigan ta kai ƙara kotu kan fim ɗin Drive, tana cewa tirelarsa ta nuna mata fim ɗin tseren motoci, ta shiga silima ta tarar da wani abu dabam.

Wani zai ce, to ai finafinan Indiya da muka tashi da su suna haɗa komai, dariya da kuka da faɗa da rawa. Haka ne, kuma shi ya sa mai kallonmu yake da haƙurin gauraye fiye da na wasu wurare. Sai dai ku lura da tsarin. Fim ɗin yakan kai awa biyu da rabi ko uku, da hutu a tsakiya. Wasa da tsokana sukan taru kafin hutu, nauyi ya sauko bayansa, kuma sau da yawa akwai ɗan wasa na gefe da aka ɗora wa dariyar don kada mutuncin jarumi ya zube. Tun farko kuma akan dasa alamar abin da ke tafe: tari da uwa ke yi, bashin da uba ya ɓoye. Miya tana ɗaukar yaji da daddawa tare, amma mai girki ta san wanda ke fara shiga tukunya. In jarumarka za ta mutu a minti na 80, a ga inuwar hakan kafin minti na 15.

Kafin ku saki fim, ku gwada shi. Ku tara mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba su yi aikin ba, ba kuma danginku ba, maza da mata, har da masu shekaru. Ku nuna musu fosta da suna kaɗai, kowa ya faɗi irin fim ɗin da yake zato, a rubuta. Sannan a kunna. Mutum ɗaya ya zauna a gefe da agogo yana rubuta mintin da aka yi dariya da mintin da aka fara duba waya. In an yi dariya inda kuka so kuka, ku duba kiɗa da girman hoto a wurin. In zaton da suka yi a fosta ya saɓa da abin da suka faɗa bayan kallo, fostar za ku canza, ta fi sake ɗauka araha nesa ba kusa ba.

Wata baiwar Allah ta tambaya daga baya: fim mai dogon zango fa, da ke ɗaukar watanni, dole ya tsaya a nau'i ɗaya?

Hajiya, tambayarki ta yi kyau. Mai dogon zango yana da sarari, don yana da gidaje da yawa a cikinsa. Ana iya ba gida ɗaya dariya, wani gidan a ba shi nauyi, muddin kowane gida ya riƙe muryarsa. Kashi na farko shi ke ɗaure alkawari, saboda haka duk muryar da za ta fito a zangon a ji ɗanɗanonta a cikinsa. In kuma labarin zai juya gaba ɗaya daga wasa zuwa makoki, a yi juyin a ƙarshen zango, a canza waƙar buɗewa da fosta kafin sabon zango ya fara, a kuma aika wa masu shagunan turawa sabon hoton da ɗan bayani na layi biyu, don su san foldar da za su sa shi.