Wa ke yage shafin tsakiya?

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Jos. Ga Kawu Dauda da hular sanyi har kunne, ga Nasiru. Kawu, tun da ka sa hoton tsohuwar mujallar nan da ka gani a asibiti a zaurenmu na WhatsApp ba a huta ba.

Nasiru: Har waɗanda ba su taɓa cewa uffan ba sai da suka turo murya.

Kawu Dauda: To ai ni ba da gangan na yi ba. Haƙori ne ya kai ni wani asibiti, ba zan kama suna ba. Na yanki kati tun ƙarfe takwas, ga waya ta mutu, kwana biyu ba wuta a unguwarmu. Na leƙa ƙarƙashin tebur sai ga mujalla, bangon ma babu. Ina buɗewa na ga jama'a maƙil a titi da kwalaye, wai an ƙara kuɗin mai. Na ce subhanallahi, yaushe aka fara ban ji ba?

Nasiru: Har ka fara laluben takalmi.

Kawu Dauda: Ashe ta Janairun 2012 ce! Lokacin da Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi ta yajin aiki har aka dawo da ita 97. Na miƙa wa wani dattijo da ke gefena ya dafe kunci. Ya karanta, ya bushe da dariya, ya ce Alhaji a dawo mana da 141 ɗin mu fita tattakin godiya. Daga nan fa hira ta ɓarke, benci guda. Da wayata na da caji, wallahi ko sallama ba za mu yi ba.

Rabi: Abin da mutane suka yi ta faɗa ke nan, cewa...

Kawu Dauda: Tsaya, Rabi. Ku ba ku san daɗin abin ba. Mu a zamaninmu ba ka zuwa shagon aski a Dilimi don aski kaɗai. Akwai Newswatch a kan benci, ta su Dele Giwa da aka kashe da bam a cikin wasiƙa a 1986. Daga baya Tell ta fito a 1991. Zamanin Abacha mai shago ba ya barinta a fili, sai ya kalle ka ya ga kai na gida ne, sannan ya zaro ta daga ƙarƙashin tawul. Wani ma layinsa ya zo sai ya ce a wuce da na baya, bai gama shafi ba. Idan ba ka ƙoshi ba ka gangara Taminus wajen mai jarida, ka tsaya ka karanta Standard kyauta har ya kore ka.

Nasiru: Mu mujallar Fim muka tarar a shagon aski, ta Ibrahim Sheme. Tun 1999 take fitowa, amma wadda za ka samu a shago ta shekara uku, jarumar da ke bango ta yi aure har ta haihu.

Rabi: Mu kuma wajen tela da mai kitso, Ovation. Ba karatu ake yi ba, ɗinki ake dubawa. Sai ki ga wadda ta burge ki, ki ce ga irin wanda nake so. Mako biyu ki dawo, shafin ya yi ƙafa.

Kawu Dauda: Yawwa! Ka ji inda nake son zuwa. Wa ke yage shafin tsakiya? Tawa ta asibitin ma daga shafi na 22 sai na tsinci kaina a na 27.

Nasiru: Anti Rabi ta amsa laifi ai.

Rabi: Ni sau ɗaya na taɓa, shi ma ankon biki ne ya matsa.

Nasiru: Kawu, shafukanka suna wajen mai ƙosai.

Kawu Dauda: A'a, mai ƙosai jarida take so, ita ke shan mai. Takardar mujalla santsi gare ta, man zai bi ta hannun riga.

Nasiru: To mai gyaɗa.

Kawu Dauda: Mai gyaɗa littafin makaranta. Na taɓa cin gyaɗa a cikin jarrabawar lissafin wani yaro, ya ci uku cikin ashirin.

Rabi: Allah sarki, da ka neme shi.

Kawu Dauda: Wa ya sani ko yanzu shi ne kansila. Mai tsire kuwa sai ya haɗa biyu, jarida a ciki, takardar siminti a waje. Ka gama ci ka buɗe kana karanta ta'aziyyar wanda ba ka sani ba, duk ƙuli da yaji a fuskarsa.

Nasiru: Ka yi masa addu'a dai.

Kawu Dauda: Ina yi mana. Ai na ci a kansa.

Rabi: Kai, Kawu! Mu dawo. Akwai wanda ya turo daga Tashar Bauci, ya ce a can ne ake jiran gaske, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya tun hantsi, kuma ko takardar magani babu ta dubawa.

Nasiru: Akwai mai tallan littattafan addu'a da caja. Ni dai gaskiya, Kawu, ko an ajiye sabuwar mujalla wayata zan ciro. Kuma a asibiti, abin da kowa ya lashi yatsa ya buɗe...

Kawu Dauda: Wayar taka da kake shiga bayi da ita?

Rabi: To, dama mun shirya mu yanke hukunci tsakanin waya da mujalla, mu kuma yi maganar tara tsofaffi a kai asibitoci, amma ga shi ana kiran Magariba. Kawu, a taƙaice, an cire haƙorin?

Kawu Dauda: Ina fa! Sai azahar aka ce likita ba zai shigo ba. Alhamis zan koma.

Nasiru: Mujallar fa?

Kawu Dauda: Tana mota. Aro na yi.

Rabi: Sai mako mai zuwa, jama'a. Nasiru, kashe.