Da Wane Mudu Ake Auna Mitar Rediyo?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Jos.

Makon jiya wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofar gidan rediyon nan, da tsohuwar jakar leda a hammata. Daga ƙasan Filato ya taso, can inda tsauni ya ƙare zafi ya soma. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, kai ne mai magana a akwatin nan ko? To ga tambaya na kawo maka." Ya zazzage takardu a kan benci. Shekara huɗu ke nan mutanen garinsu suna karo-karo don su kafa gidan rediyon al'umma. Mata sun zuba kuɗin adashi, manoma sun ba da buhunan masara, wani malamin makaranta ya ba da ɗaki. Suka damƙa wa wani ɗan kamasho da ya ce ya san ƙofofi a Abuja. Ya karɓi nasa, ya ɓace, ya dawo da magana biyu: wai babu sauran mita, kuma ko da akwai, garin da ke maƙwabtaka da su ma suna nema, su kuwa suna da babban mutum.

Dattijon ya dube ni ya ce, "To, in mu da su muka nema, mita kuma ɗaya ce, da wane mudu za a auna mu?"

Na ce, "Baba, wannan tambaya ta fi ƙarfin benci, sai dai a kai ta gaban makirfo." Ga ta na kawo.

Zangon FM da kuke murɗawa yana farawa daga 87.5 ya tsaya a 108. Iyakarsa ke nan, ba a saye a ƙara masa. A nan Jos kun san mazauna cikinsa: Peace FM a 90.5, Unity a 93.3, Rhythm a 93.7, ICE FM ta Jami'ar Jos a 96.1, Highland a 101.5, Jay FM a 101.9, da sauransu. Wannan fili na iska ba gonar gadon kowa ba ce, dukiyar ƙasa ce. Akwai majalisar rabon mita ta ƙasa da ke yanka manyan kaso, ta ba hukumar NCC na waya, ta ba hukumar NBC na rediyo da talabijin. Ita NBC an kafa ta da doka mai lamba 38 a 1992, zamanin Janar Babangida. Amma sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ce in ba gwamnatin tarayya ko ta jiha ba, babu mai mallakar gidan rediyo sai da yardar shugaban ƙasa. Wato takardar 'yan ƙauyen da ke son sanar da ɓatan akuya da ranar allurar rigakafi, hanyar da aka shata mata ita ce daga hukuma zuwa minista, daga minista zuwa fadar shugaban ƙasa.

Mai kuɗi bai daɗe a layi ba. A 1994 tashar kasuwanci ta Raypower ta soma magana a Legas. Talaka fa? Sai a watan Oktoba na 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar a Abuja cewa ta sakar wa NBC mara ta riƙa ba da lasisin rediyon al'umma ba sai an koma fadar shugaban ƙasa ba. Aka yi tafi. Aka yi ta gafara sa, ba a ga ƙaho ba sai 2015, ana dab da miƙa mulki, aka amince da guda 17. Goma sha bakwai, jama'a, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774! Alhali Radio Ada ta Gana tana magana da masunta da harshensu tun 1998, maƙwabtanmu na Nijar kuma sun kunna ta Bankilare tun 1999. An ƙara ba da wasu daga baya, gaskiya ne, har cikin lasisi 159 da Shugaba Buhari ya amince da su a 2021 akwai na al'ummomi. Amma ni ba yawan ne ya dame ni yau ba. Mudun nake nema.

Ku buɗe dokar NBC, sashe na 9. Ta ce ba da lasisi ya dogara ga samuwar mita. Ta ce cika sharuɗɗa ba ya nufin dole a ba ka, ko da yake ta ce kada a hana ba gaira ba dalili. Ta ce a duba yadda tashoshi suka rarrabu tsakanin birni da karkara. Sashe na 10 ya haramta ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa. Duk wannan ya yi, ban ƙi ko ɗaya ba. Amma wannan ƙofar shiga kasuwa ce kawai. Idan garuruwa biyu suka shigo, kowanne ya cika sharaɗi, kowanne da kwamitin amintattunsa da rajistarsa, mita kuma ɗaya ce, me zai raba gardama? Wanda ya riga kai takarda? Wanda ya fi yawan jama'a? Wanda ya fi nisa da wata tasha? Ko wanda ɗansu ke majalisa? A gaya mana. A rubuta, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta da Hausa da Berom da Ngas da Tarok da Fulfulde. Ko a kasuwar Mangu, mai awo ba ya juya maka baya ya auna masara sannan ya ce ka yarda mudu goma ne.

Za a ce mini zango ya cika. A ina ya cika? A Legas, na yarda. A Abuja, wataƙila. Amma a Wase? A Dengi? A Tunkus? Haba! Muryar FM kusan kamar hasken tocila take, inda ta hango nan take kaiwa, tsauni ya tare ta ta tsaya. Shi ya sa direban da ya gangara daga Pankshin ya nufi Langtang yakan ji tashar Jos ta soma shaƙewa har ta ɗauke. Kuma shi ya sa mita guda za ta iya yi wa gari biyu aiki in akwai tazara ko dutse a tsakaninsu, muddin na'urar ƙarama ce. Raypower ma ai 100.5 ɗin da take kai a Legas ita take kai a Abuja, ba su taɓa cin karo ba. Duwatsun da suke hana mutanen ƙasan Filato jin mu, su ne kuma katangar da za ta ba ƙananan tashoshi damar zama kusa da juna ba tare da wata ta shiga bakin wata ba. To in an ce ya cika, a fito da taswira. A nuna mana a kowace ƙaramar hukuma cikin 17 ɗin nan: ga mitar da ke hannun wane, ga wadda babu kowa, ga wadda wani ya karɓa ya ajiye a aljihu shekara da shekaru ko tari bai yi a kanta ba. Doka ta ba da ikon ƙwace lasisin da ba a yi aiki da shi ba. A yi amfani da ikon mana, kafin a ce wa Baba ya koma gida.

Sai masu cewa tsaro. Wai Filato ce, an ga rikicin 2001, an ga na Yelwa a 2004, an ga na 2008 da 2010, in ka ba ƙauye makirfo ka ba yaro ashana. Nan take sai a jawo maka Ruwanda. Malam, tashar da ta hura wutar kisan 1994 a Kigali take, babban birni, kuma manyan da ke jikin masu mulki ne suka kafa ta, ba 'yan adashi ba. Sannan ku tambayi kanku, yau in jita-jita ta tashi a Bokkos ko Barikin Ladi, ta ina take bi? Ta WhatsApp take bi, da muryar da ba a san mai ita ba, ba lasisi, ba adireshi, ba wanda za a kama. Tashar al'umma kuwa tana da ɗaki, tana da eriya da kowa ke hangowa, tana da mutanen da aka san iyayensu, kuma lasisinta na shekara biyar ne, in ta yi ɓarna a hana ta sabuntawa. Wanne ya fi sauƙin riƙewa?

In ma tsaron ake ji, rabon ɓoye ya fi komai hatsari a jihar nan. Mu da muke zaune a nan mun san yadda ake fassara abu. A gina rijiyar burtsatse a wannan unguwa a tsallake waccan, kafin magariba an ce addini ne, kafin asuba an ce ƙabila ce. To ina ga murya? A ba wannan gari a hana wancan, ba bayani, ba dalili a rubuce? Ko da gaskiya aka bi, wanda aka hana ba zai yarda ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Ba sabon abu nake roƙo ba. Yarjejeniyar yaɗa labarai ta Afirka da aka amince da ita a Windhoek a 2001 ta ce a yi rabon mita a fili, da sa hannun jama'a, kuma a raba da adalci tsakanin tashoshin gwamnati, na kasuwanci da na al'umma. A Amurka, tun 2000 suke ba da lasisin ƙananan tashoshi masu ƙarfin wat 100, kuma in masu nema suka yi karo, maki ake ba su a bainar jama'a: ƙungiyar da ta shekara biyu a garin tana da maki, wadda ta yi alƙawarin shirye-shiryen gida na awa takwas a rana tana da maki. In aka yi kunnen doki, sai su raba lokaci a kan mita ɗaya. Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Ku je bakin kududdufan kuza da rani ku ga masu lambun kabeji da karas. Ruwa ɗaya, inji ɗaya, wannan ya yi ban-ruwa da safe, wancan da yamma. Sukan yi cacar baki, amma kowa ya san ranarsa.

Yanzu bari in juyo kan namu, don ba Abuja kaɗai ke da laifi ba. Sau nawa za ka ga an rubuta "al'umma" a saman takarda, ka leƙa ciki ka tarar mutum ɗaya ne da matarsa da direbansa a kwamitin amintattu, kuma yana da niyyar takara? Mai uwa a gindin murhu ya shigo da rigar talakawa ya karɓe rabonsu. Wannan ma mudun ne maganinsa. A tambaya: wa ya zaɓi kwamitin? Mata nawa ne a ciki? Makullin ɗakin watsa shirye-shirye a hannun wa yake kwana? Sai tambayar da ta fi kowacce ɗaci a Filato: wace ce al'ummar? In tashar ta Wase ce, Bahaushe da Batarke da Bafulatani da Bajukune duk suna da sa'a a cikinta, ko kuwa ɗaya ne zai yi magana sauran su saurara? In ta Mangu ce, manomi Mwaghavul da makiyayin da ke bayan gari duk za su ji kansu? Iska ba ta tambayar takardar shaidar ɗan asali kafin ta shiga kunnen mutum. Ni a ganina, ƙungiyar da ta kawo jadawali mai harsuna huɗu ta fi cancanta da wadda ta kawo wasiƙar sanata, kuma ya kamata a rubuta hakan baƙi da fari tun kafin a buɗe karɓar takardu.

Abu ɗaya ne yake sa ni jim. Riƙe gidan rediyo ba wasa ba ne. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin sama da naira biliyan 2.6, har da manya irin su AIT da Silverbird, kafin daga baya ta dakatar da hukuncin. In waɗannan sun yi nishi, ina ga garin Baba da kuɗin man janareta? Wasu za su kunna su mutu cikin shekara, ban musa ba. Amma wannan dalili ne na a tambayi mai nema yadda zai sami wuta, ko sola ce ko me, a sa shi cikin maki. Ba dalili ba ne na a rufe ƙofa a yi rabo a ciki.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban hukuma, ranka ya daɗe minista, da 'yan majalisarmu na tarayya daga Filato: a ware wa al'ummomi kasonsu a zangon FM, a fito da taswira, a fito da mudu. In gari biyu sun yi karo, a zo nan Jos a zauna a gaban jama'a, kowa ya faɗi hujjarsa, a yanke, a ba wanda ya faɗi dalili a rubuce da hanyar ɗaukaka ƙara. Jos aka zaɓa a watan Afrilun 2016 don gwajin komawa talabijin na dijital a duk Najeriya. In mun isa a gwada akwatin talabijin a kanmu, mun isa a gwada rabon gaskiya.

Da Baba ya tattara takardunsa zai wuce tasha, na ce masa ya kasa kunne ranar da zan karanta wannan sharhi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai muryarku ba ta sauka wajenmu, dutse ya tare." Muka yi da shi zan ɗauka a waya in ba direban motar garinsu ya kai masa.