Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ayyuka a Garin Sandomierz na Ƙasar Poland

Mai girma Minista, shugabanni, iyayen gari, jama'a, barkanku da wannan rana.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Aikinka ya riga ka isowa nan, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Tun kafin ka zauna da kyau za mu faɗi buƙatarmu: a ƙara ƙarfafa ganuwar da ke tare ruwan kogin Vistula.

Garin da ka sauka a cikinsa ba ƙaramin gari ba ne. Tun farkon ƙarni na 12 ake jera Sandomierz tare da Krakow da Wroclaw cikin manyan kujerun sarautar Poland, kuma a 1138 ya zama hedikwatar yanki mai basarake nasa. Mayaƙan Mongol sun afka mana a 1241, suka dawo a 1260 suka yi kisan gilla, har da limaman cocin Waliyyi Yakubu. Kakanninmu suka sake gini. Sarki Casimir Babba ya kewaye garin da badala, ga Ƙofar Opatow nan tsaye tana shaida. Daga bakin wannan kogi ake loda hatsi a jiragen ruwa zuwa Gdansk, kuma rumbunan da fatake suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa yau 'yan yawon buɗe ido ke layin shiga.

Sai ƙaddara ta juya. Sojojin Sweden suka tarwatsa fadarmu da albarushi a 1656. Da maƙwabta suka raba ƙasar Poland a tsakaninsu, kogin da ke ciyar da mu ya koma iyaka tsakanin Rasha da Ostiriya, kasuwa ta mutu. A shekarun 1930 aka tsara mayar da mu cibiyar masana'antu, Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye shirin. A 1975 ma, da aka yanka sababbin jihohi, sai aka sa mu ƙarƙashin garin Tarnobrzeg, mu da sunanmu ya daɗe a kan jiha guda. Duk mun haƙura.

Abin da ya fi ƙarfin haƙuri shi ne ruwa. Tsohon gari na bisa tudu, amma unguwannin hayin kogi a kwari suke. A watan Mayun 2010 ganuwa ta ɓalle a unguwar Kocmierzow, ruwa ya shanye gidaje da gonaki, jama'a suka kwana jera buhunan yashi don ceto masana'antar gilashi. Ba a gama shanya kaya ba, ya sake dawowa a watan Yuni. An yi gyara bayan nan, mun gode. Amma har yau in aka jera kwanaki ana ruwa a duwatsun kudu, mutanen hayi ba sa barci.

Muna da wasu buƙatun, kamar tudun tsohon gari da ƙasarsa ke zaizayewa, da hanyoyin fitar da tuffa daga lambunanmu. Waɗannan za su iya jira. Ganuwar dai, ranka ya daɗe, muke roƙon a sa kuɗinta a kasafin bana.

Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin jama'ar Sandomierz