Farin Ɓawon Da Ke Cin Butar Lantarki

Masu kallo, wannan butar lantarki ce da aka yi wata shida ana dafa ruwan shayi da ita a wani gida da ke Lugbe a Abuja, inda ake shan ruwan rijiyar burtsatse. Idan kuka dubi gindinta za ku ga wani farin ɓawo mai kaushi, wanda soson ƙarfe ba ya fitar da shi sai da wahala. Uwar gidan ta ɗauka datti ne, har ta yi wa mai aikinta faɗa, alhali kuwa dutse ne da ya narke a cikin ruwa, zafi ya sake maido shi dutse.

Ruwan sama yakan haɗu da iskar kabon yayin da yake sauka da kuma lokacin da yake ratsa ƙasa, sai ya ɗan yi tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Idan ya bi ta cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don yin siminti a Ashaka da Obajana da Kalambaina, yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magniziyam ya tafi da su. Irin wannan ruwa ne iyayenmu ke kira zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ko da yake kalmar takan haɗa har da ruwa mai gishiri-gishiri. Masana suna auna yawan sinadaran da suka narke da miligiram a cikin lita guda ta ruwa: abin da bai kai 60 ba ruwa ne marar zartsi, wanda ya haura 120 zartsinsa ya yi ƙarfi, wanda kuwa ya wuce 180 ya kai matuƙa.

Biranen bakin teku da dama sun fi mu sanin wannan matsala. A Barcelona ta ƙasar Sifaniya, wani kaso na ruwan famfo daga kogin Llobregat yake fitowa, kogin kuma yana ratsa ƙasa mai dutsen farar ƙasa da ma'adinan gishiri, shi ya sa ɗalibinmu da ya je can karatu yakan ga buta ta yi fari cikin ɗan lokaci. Ban da haka, idan aka yawaita zuƙo ruwa daga rijiyoyin da ke kusa da gaɓa, ruwan teku yakan kutso ta ƙarƙashin ƙasa ya ƙara musu gishiri da magniziyam. Abuja kuwa a kan duwatsu masu tauri take zaune, waɗanda ba sa narkewa da sauƙi, kuma ruwan famfonta daga madatsar Usuma yake zuwa, saboda haka abin da sauƙi a wajen masu famfo. Burtsatse ce ba ta da tabbas, domin gidaje biyu a unguwa ɗaya suna iya samun ruwa iri biyu.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, zafi ne ke fitar da ɓawon, musamman idan ruwan ya haura digiri 60. Don haka na'urorin da ke dafa ruwa su ne ke shan wahala. A cikin hitar banɗaki akwai wani ƙarfe da ke ɗumama ruwa, kuma da zarar ɓawo ya lulluɓe shi, sai zafin ya kasa fita yadda ya kamata, ruwan ya daɗe bai yi zafi ba, mita tana ta cin kuɗi, ƙarfen kuma yana ƙara zafi a ciki har wata rana ya ƙone. Ƙarar da hitar ke yi kamar ana soya gyaɗa alama ce ta cewa ɓawon ya taru. Haka yake toshe hudojin kan shawa da na dutsen guga mai tururi, ruwan zartsin kuma yana sa injin wanki ya ci sabulu da yawa, kaya su fito da tauri. Lafiyar jiki dai ba ta cikin haɗari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki irin wannan ruwa a matsayin mai cutarwa ba.

Maganin buta yana cikin kicin. A zuba ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ko a matse lemun tsami, a tafasa, a bar shi kamar awa ɗaya, sannan a ɗauraye sosai. Tsamin ne ke narkar da dutsen. Kan shawa ma a kwance shi a jiƙa a ciki ya kwana.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen sayen matatar ruwa. Matatar da ake ɗaurawa a bakin tanki laka da yashi kawai take tarewa, abin da ya riga ya narke kuwa wucewa yake yi abinsa. Akwai na'ura ta musamman da ake zuba wa gishiri, wadda ke musanya kalsiyam da sodiyam, amma tana da tsada. Kafin a saye ta, a kai ruwan ɗakin gwaji, domin jan tabon da ake gani a tayil da bahon wanka a gidaje masu burtsatse na sinadarin ƙarfe ne, kuma matatarsa daban take.